Gida Mai Bishiya a Tsohuwar Jidda

A wurin yawancinmu Jidda ƙofa ce kawai. Jirgi ya sauke ka da harami a jikinka, a duba fasfo, ka faɗa mota kana talbiyya, zuciyarka ta riga ka isa Makka. Ranar komowa kuma sai awon kaya da zaman jiran jirgi. Wanda ya sami ɗan sarari ya leƙa Bab Sharif ko Bab Makka, ya sayi darduma da turare da dabino da jallabiyar yara, ya koma masauki yana lissafin kilo. Haka na yi har sau biyu. A zuwa na uku, bayan na kammala umara, aka ɗaga tashinmu da kwana biyu, sai na ce bari in yi zumunci, na nemi wani kawuna da ban taɓa gani ba sai a hoto.

A Jidda aka haife shi. Mahaifinsa, wan kakata ta wajen uwa, ya bar ƙasar Katsina a ƙafa yana saurayi, ya bi ta Barno da Wadai da Darfur, ya yi shekaru yana tsintar auduga a gonakin Jazira na Sudan har ya tara kuɗin jirgin ruwa, ya tsallaka Bahar Maliya daga Sawakin, ya sauke farali, bai sake ganin gida ba. Irinsu suna da yawa. Jikokinsu ne ake kira Hausawi a can, har da waɗanda suka buga wa Saudiyya ƙwallo. Hausar Kawu tsohuwar Hausa ce, irin wadda na daina ji tun rasuwar kakata, sai dai Larabci yakan faɗo masa a tsakiyar magana. Da ya ji iyakar abin da na sani game da garinsu, sai ya girgiza kai.

"Ɗana, ku kullum a bakin ƙofa kuke tsayawa, ku yi ciniki ku juya. In an yi la'asar zan shigar da kai ciki."

Cikin da yake nufi shi ne Balad, tsohon birnin da ganuwa ta taɓa kewayewa. Muka shiga ta Bab Makka muka bi kasuwar Alawi, tsohuwar hanyar da alhazai ke ratsawa daga bakin teku zuwa ƙofar gabas. Zafin Jidda ba irin na Sakkwato ba ne, mai ƙona fata ya bar ka a bushe. Nata zafi ne mai laima, riga ta manne maka a baya tun ba ka yi taku ashirin ba. Amma muna shiga lungunan na ji an sassauta mini. Gidaje hawa huɗu, hawa biyar, sun jeru kafaɗa da kafaɗa, inuwar wannan ta kwanta a kan wancan, lungu ya zama kamar bututu yana zuƙo iska. Ƙanshin turaren wuta da kanumfari da gahawa ya cika hanya. Muna cikin tafiya sai lungun ya buɗe ya zama ɗan fili, Kawu ya tsaya ya nuna da sandarsa.

Ban fara ganin gidan ba. Bishiyar na fara gani, kuma na san ta tun kafin in ƙarasa gindinta. Darbejiya ce, dogon yaro, wadda wasu ke ce wa maina, wadda aka dafa mana ganyenta muka sha ɗacinsa muka yi sirace da shi duk sanda zazzaɓi ya kama mu. A gida ta cika kowane titi da kowace makaranta har ba mai ɗaga kai ya dube ta. A nan kuwa ita ce ta ba gidan suna. Mutanen Jidda suna cewa har zuwa shekarun 1920 babu wata bishiya a cikin ganuwa sai ita, saboda haka ake ce wa wannan gida, Bait Nasif, gida mai bishiya, kuma baƙo in ya tambayi hanya da haka ake yi masa kwatance. Asalin darbejiya daga Indiya take, kuma sai wajen 1928 Turawa suka fara dasa ta a Barno. Ke nan wannan da nake tsaye a ƙarƙashinta ta girmi duk wata darbejiya da ke ƙasar Hausa.

Sai mutum ya san ƙishirwar Jidda zai gane girman wannan al'amari. Garin ba shi da kogi, ba shi da ƙorama. Ruwan saman da yake samu a shekara bai kai wanda Kano ke samu a rabin watan Agusta ba, shi ma sai cikin hunturu yake zuwa, wata shekarar ya ƙi zuwa sam. Rijiyoyin kusa da teku gishiri-gishiri ne. A da, ruwan sha daga manyan ramukan tara ruwan sama ake ɗebo shi a bayan gari, raƙuma da jakuna su shigo da shi cikin salka, a sayar da tsada. Daga baya aka kafa injin tace ruwan teku wanda mutanen garin suka raɗa wa suna kindasa, kuma sai a 1947 aka jawo ruwa ta bututu daga Wadi Fatima. A irin wannan gari ne wani maigida ya ce a riƙa ɗibar ruwan da aka saya da kuɗi ana zuba wa itace, kullum, shekara da shekaru. Kuma bai dasa ta a tsakar gida don iyalinsa ba. A ƙofar gida take, inuwarta a kan hanya take faɗawa, ɗan dako da mai jaki da alhajin da ya gaji duk nasu ce. Na shiga gidan da wannan a raina, kuma duk abin da na gani a ciki sai na ga daga nan ya tsiro.

Umar Nasif ne ya gina shi, attajiri kuma wakilin Sharifin Makka a Jidda, a zamanin da Hijaz ke ƙarƙashin Turkawa. An fara aikin a 1872, ba a gama ba sai 1881. Shekara tara. Lokacin kuwa lokacin buɗi ne ga 'yan kasuwar garin, domin a 1869 aka buɗe mashigin Suwez, jiragen ruwa masu hayaƙi suka mai da Bahar Maliya babbar hanya tsakanin Turai da Indiya, alhazai daga Hindu da Jawa suka riƙa zuwa dubu-dubu. Yawancin dogayen gidajen Balad 'ya'yan wannan zamani ne. Ita Jidda kanta ta daɗe da zama ƙofar Harami, tun shekara ta 26 bayan Hijira da Halifa Usman ɗan Affan, Allah ya ƙara masa yarda, ya mayar da tashar jiragen Makka nan daga Shu'aiba. Da Turawan Fotugal suka fara shawagi a tekun, sarkin Masar na lokacin, Ƙansu al-Guri, ya sa aka kewaye ta da ganuwa, kuma da jiragensu suka zo a 1517 sun koma ba su ci garin ba. Ganuwar ta tsare mutane, ta kuma matse su. Fili ya yi kaɗan, iyali na ƙaruwa, to ina za a nufa in ba sama ba? Mu da muke da filin Allah muna faɗaɗa gida ta gefe, a ja katanga a ƙara sashe. Bajidde in ɗansa ya yi aure sai ya ɗora masa hawa.

Kawu ya ja ni jikin bangon wani gida da ke kusa inda yaɓe ya ɓare, ya ce in taɓa. Dutse ne fari-fari mai huji-huji kamar soso, in ka ƙura ido kana ganin zanen halittun ruwa da ɓawon katantanwa a jikinsa. Suna kiransa mangabi. Dutsen murjani ne, wanda ƙananan halittun teku suka tara a tsawon zamani, ana sarar sa a gaɓar tafkin Arba'in da ke arewa da gari, a sassaƙe shi gida huɗu. Laka kuma daga ƙasan ruwa ake kwaso ta a haɗa duwatsun. Dutsen ba shi da nauyi, gatari yana cin sa, kuma ba ya riƙe zafi kamar siminti. Aibinsa ɗaya: iska mai gishiri da laima suna cinye shi in aka bar shi tsirara. Don haka dole a rufe shi da yaɓen farar ƙasa, a riƙa sabuntawa, kamar yadda maigida a birnin Zazzau ba ya barin damina ta same shi bai yi wa soronsa yaɓe ba.

Abin da ya fi burge ni a bangon shi ne itatuwan da aka kwantar a cikinsa. Duk bayan jeri biyar ko shida na dutse, kimanin mita guda, sai magini ya shimfiɗa katako a tsawon bangon, ya ci gaba da ɗora dutse a kai. Sunansu takalil. Su ne suke raba nauyin ginin daidai, suke ɗaure shi kamar ɗamara, har in ƙasa ta ɗan motsa bango ya lanƙwasa maimakon ya tsage. Suna da wani amfanin kuma wanda ya nuna zurfin tunanin maginan: idan duwatsun ƙasa suka ruɓe, sai a tokare katakon da ke samansu, a zare ruɓaɓɓun a sa sababbi, hawa huɗu na gini suna rataye a sama ba abin da ya same su. Mutanen da suka yi wannan sun san ginin zai tsufa, sun kuma bar wa jikokinsu hanyar gyara shi. Rufin ɗakuna da sandunan ƙandal ake yi, itacen da ke tsirowa a bakin teku, jirage ne ke kawo shi. Tsawon sandar shi ke yanke faɗin ɗaki, kamar dai yadda azara ke yanke wa maginin Hausa hukunci. Babban magini a wurinsu mu'allim ne, kuma maginan suna da shugabansu mai raba gardama, kwatankwacin Sarkin Magina.

Sannan na ja da baya na dubi fuskar Bait Nasif, wadda ke kallon arewa. A nan ido ke tsayawa ya ƙi gaba. Daga saman babbar ƙofa, tagogin katako ne suka turo kai waje, ɗaya bisa ɗaya, suka hau bangon kamar an rataya masa allon sassaƙa. Kowace ana ce mata roshan, jam'insu rawashin, kalmar kuma daga Farisanci take, tana nufin haske. Kiran roshan taga rage mata daraja ne. Ƙaramin ɗaki ce da ta fito daga jikin bango ta rataya a kan titi, tana da rumfarta a sama mai kare rana, da ƙananan ƙyamare da ake ɗagawa ko a sauke gwargwadon iskar da ake so, da raga ta siraran katako da aka saƙa a gicciye. Hijaz ba ta da dajin da za a sari irin wannan katako. Daga Indiya da tsibiran Jawa yake zuwa, shi ya sa suke kiran wani irinsa jawi, kuma an zaɓe shi ne don gara da laima ba sa cin sa da wuri. Jikin bangon tsakanin tagogin an yi masa zane a kan yaɓe tun yana ɗanye, ganye da taurari da layuka masu sarƙa. Tun ran gini ran zane.

Sai da muka shiga na zauna a cikin wata roshan na gane aikinta. A ciki dakali ne mai faɗi wanda mutum zai miƙe ya yi barci a kai. Hasken da ke shigowa an tace shi, ya zube a ƙasa ɗigo-ɗigo, ba ya suka a ido. Iska kuwa da ta matsu ta cikin ƙananan ramukan sai ta ƙara sauri, ta shigo da sanyi-sanyi. Kawu ya nuna mini inda ake jera tulunan ƙasa a bakin ragar, iska ta bi ta jikinsu, ruwan ya yi sanyi, iskar ma ta ɗauki sanyin ta shigar ɗaki. Duk wanda ya taɓa shan ruwan randa da azumi ya san wannan ilimi. Na leƙa ƙasa ina ganin kowa, mai shayi da yara masu keke da wata tsohuwa da ke ciniki, ba wanda ya san ina kallonsa. Matan gidan a nan suke wuni. Suna ganin ɗaurin aure da jana'iza da ayarin alhazai, suna magana da maƙwabciya ta roshan ɗin da ke fuskantarsu, sutura ba ta yaye ba, kuma ba a toshe su cikin duhu ba. Na daɗe ina tunanin gidajen da muke ginawa yanzu, masu taga kamar ta kurkuku da gilashi mai baƙi, waɗanda in wuta ta ɗauke sai kowa ya fito waje da tabarma. Matsalar da ta dame mu ita ta dami waɗannan mutane, zafi da kunya, amma su sun warware ta da katako da basira.

Shigar gidan sai an taka 'yan matakala, domin an ɗaga daɓensa sama da titi. Dalili kuwa yana ƙarƙashin ƙafarka: akwai matarar ruwa a ƙasan ginin, inda ruwan saman da ya sauka a kan rufi yake gangarowa ya taru. Mu indararonmu waje yake zubarwa, nasu ciki yake kaiwa. Ruwan da ke kwance a ƙasa yana kuma sanyaya hawan farko. Daga ƙofa sai ka faɗa wani babban zaure da suke kira dahliz, inda ake yayyafa ruwa a ƙasa da rana, baƙo ya zauna ya huta kafin a yi masa iso. Ɗakunan da ke gefensa na maza ne da baƙi da harkar kasuwanci. Iyali suna sama. Masu ƙirga sun ce ɗakunan gidan 106 ne, kuma bayan na yi ta shiga wannan ina ɓullowa ta wancan ban yi musu ba.

Matakalar benen ita ce abin da kowa ke ba da labari, kuma gani ya kori ji. Tana da faɗi, hawanta a kwance yake, kowane taki gajere ne ƙwarai har ba ka jin kana hawa. Kawu da ke dogara sanda bai tsaya ya huta ba ko sau ɗaya. An ce an yi ta haka ne don raƙumi ya hau da kaya a bayansa har zuwa madafa, domin madafar gidan a can sama take. Da farko abin ya ba ni mamaki, sai na ga hikimar: hayaƙi da zafin murhu sama suke nufa, to in an sa su a sama sai su fice ba su ratsa ɗakin kowa ba. Amma buhunan shinkafa da gawayi da salkunan ruwa na gidan da ke ciyar da baƙi kullum ba kayan da za a ɗora wa mutum a ka ba ne har hawa huɗu. Ramin matakalar kuma shi kansa hanyar iska ne, zafi yana bi ta cikinsa ya tashi, sanyi ya biyo baya daga ƙasa.

Muna tsakiyar hawa Kawu ya tsaya, ba don gajiya ba. Ya dafa bango ya ce:

"Ka san sana'ar kakanka a garin nan?"

Na ce ban sani ba, Kawu.

"Saƙƙa ne. Ɗan garuwa. Garwa biyu a sanda, daga bazan zuwa gidajen mutane, tun asuba. Wannan gida raƙumi ke hawa, amma sauran gidajen da ka gani matakalarsu a tsaye take, kuma a kafaɗa ake kai musu ruwa har sama. Kafaɗarsa ta dama har ya rasu tana da kanta kamar ta raƙumi."

Bazan shi ne famfon unguwa inda ake ɗibar ruwa. Na san a tarihi cewa mutanenmu, waɗanda ake kira Takari, da yawansu a bukkoki suka zauna a bayan ganuwa, suna dako da ɗiban ruwa da aikin gini don su tara guzurin Makka ko na komawa gida. Na kuma san cewa a ƙarnin da aka gina waɗannan gidaje akwai bayi a cikinsu, yawancinsu daga Afirka, kuma ba a haramta bauta a ƙasar ba sai 1962. Sanin abu a littafi daban, jin sa daga bakin ɗan mai kafaɗar daban. Wannan bai rage mini ƙaunar gidan ba ko kaɗan. Ya dai sa na daina kallonsa a matsayin kayan wasu. Sunan Nasif ne a ƙofa, kuma ya cancanta, amma hannuwan da suka sari dutse a cikin ruwa, suka kwaɓa laka, suka cika tuluna, ba a rubuta sunansu a ko'ina ba, kuma wasunsu da Hausa suke mafarki.

A ƙololuwar gidan akwai wani ɗaki na katako zalla, tagogi ta kowace fuska, ya ɗara rufin maƙwabta tsawo. Nan ne wurin shan iska. Iskar arewa, wadda mutanen Jidda ke jira kamar yadda manomi ke jiran hadari, ta nan take fara shigowa. Akwai wata kuma ta kudu mai zafi da ƙura da suke kira azyab, in ta taso sai a rufe wancan ɓangaren. Na tsaya rigata tana kaɗawa, zufar da na kwaso tun daga Bab Makka ta bushe. Ga hasumiyoyin tsofaffin masallatai, ga rufin gidaje da shirayinsu inda ake kwana da bazara, ga dogayen benayen zamani sun yi wa tsohon garin zobe, can yamma kuma teku tana ƙyalli.

A watan Disamba na 1925, bayan an yi kusan shekara ana tsare da garin, Jidda ta miƙa wuya ga Abdul'aziz Al Sa'ud, Sarki Ali ɗan Sharif Husaini ya fita ta teku. Da sabon mai mulki ya shigo, a wannan gida ya sauka, a nan ya riƙa karɓar manyan gari da jakadun ƙasashen waje, kuma nan ne masaukinsa in ya zo Jidda har aka gina masa fadar Khuzam a bayan ganuwa. A can Khuzam ne aka sa hannu kan yarjejeniyar haƙar mai da kamfanin Amurka a 1933, kuma daga wannan takarda ne arzikin da zai kwashe mutane daga Balad ya fito.

Maigidan da ya karɓi sarki shi ne Muhammad Nasif, jikan mai ginin, kuma shi ne ya fi shiga raina a zuriyar. An haife shi a 1885, ya rasu a 1971. Malami ne mai son littafi, ya tara kimanin 16,000, ya kashe dukiyarsa wajen buga littattafan magabata yana rabawa kyauta. Malaman da suka zo aikin hajji daga kowace nahiya sukan sauka a wurinsa, su ci, su kwana, su yi karatu, su wuce Makka. Baƙonka annabinka, in ji Hausawa, shi kuwa ya yi aiki da maganar har ƙarshen ransa. Littattafan yanzu suna Jami'ar Sarki Abdul'aziz da ke Jidda. Daga wannan zuriya ne kuma Abdullahi Umar Nasif ya fito, wanda ya riƙe sakatariyar Rabiɗa, ƙungiyar Musulmi ta duniya, daga 1983 zuwa 1993, sunan da malamanmu da dama suka sani.

An rushe ganuwa a 1947, gari ya ɓalle ya nufi arewa. Kuɗin mai suka kawo siminti da mota da na'urar sanyaya ɗaki, manyan iyalai suka bar lungunan da mota ba ta shiga, suka koma sababbin unguwanni. Gidajen murjani aka bar wa 'yan haya talakawa, mutanen Yaman da Afirka da Indiya, ɗaki ɗaya mutum goma. Yaɓe ya daina zuwa a kan kari, wayoyin lantarki suka yi ta haddasa gobara, gidaje da yawa suka zube. Wanda yake son ya ga ƙarshen wannan hanya ya dubi Sawakin a ɗaya gaɓar, inda mahaifin Kawu ya hau jirgi. Ita ma da dutsen murjani da rawashin aka gina ta. Da Turawan Ingila suka buɗe sabuwar tasha a Fot Sudan a farkon ƙarni na 20, 'yan kasuwa suka tashi, ba mai yaɓe, yau yawancinta tsibin farin dutse ne a bakin ruwa.

Bait Nasif ya tsira domin a 1975 ya koma hannun gwamnati, aka gyara shi, aka mai da shi gidan tarihi da taron al'adu. Magajin garin Jidda na wancan zamani, Muhammad Sa'id Farisi, ya tsaya aka ƙirga tsofaffin gidajen aka hana rushe su barkatai. A 2014 hukumar UNESCO ta sa tsohuwar Jidda cikin wuraren tarihi na duniya da sunan ƙofar Makka, sannan a 2019 aka ware riyal miliyan 50 don ceto gidaje 56 da ke gab da faɗuwa, daga cikin sama da 600 da suka rage. Na ga aikin da idona: gidaje an tokare su da ƙarafa, kafintoci suna kwance roshan gunduwa-gunduwa suna sa wa kowane yanki lamba. Na yi murna ƙwarai. Abin da nake tsoro ɗaya ne, kada a gyara jiki a rasa rai. Gidaje da yawa da aka gama sun zama wuraren shan gahawa da masaukin masu yawon buɗe ido, da dare tagoginsu na sama duhu ne. Ginin mangabi yana son mai buɗe taga da safe, mai lura da inda bango ya fara gumi. 'Yan hayar nan da ake zargi da lalata gidajen, su ne dai suka zauna a ciki shekara hamsin da masu shi suka tafi. Ina fata a bar wa masu ƙaramin ƙarfi wuri a cikin garin da aka gyara.

Muna saukowa rana ta faɗa teku. Muka zauna a gindin darbejiyar, tsuntsaye sun cika ta da hayaniya, 'ya'yanta rawaya sun zube a ƙasa kamar yadda suke zuba a ƙofar gidanmu. Kawu ya tsinki ganye ɗaya ya murza ya shinshina. Ya ce unguwar da aka haife shi a kudancin gari yanzu fili ce, an share ta, in yana son ya tuna ƙuruciyarsa nan yake zuwa, domin a nan mahaifinsa yakan ajiye garwa ya huta in ya sauko daga gidajen unguwar Haratul Yaman.

"Ban ce shi ya shayar da ita ba, ɗana. Amma irinsa ne."

Ladanin masallacin Mi'imar ya ɗaga murya, na Shafi'i ya amsa daga can cikin unguwa, masu shaguna suka fara jan ƙyaure. Kawu ya buɗe gorar ruwan da ke hannunsa, ya kurɓa sau uku, ya juye sauran a gindin bishiyar. Ya miƙo mini hannu na tashe shi.

"Mu hanzarta, kada mu rasa raka'ar farko."